Good Will Hunting: Samari Biyu da Suka Rubuta wa Kansu Aikin da Aka Hana Su

A daren 23 ga Maris, 1998, a zauren Shrine da ke birnin Los Angeles, fim ɗin Titanic ne ke ta kwasar kyaututtukan Oscar ɗaya bayan ɗaya, har sai da ya haɗa 11. Akwai dai kyauta guda da ko takararta bai samu shiga ba, wato ta labarin da aka ƙirƙira musamman domin fim, ba a ɗauko shi daga wani littafi ba. Cikin masu neman ta akwai Woody Allen, wanda ya riga ya ci ta sau biyu, da James L. Brooks, da Paul Thomas Anderson. Da tsofaffin abokan wasan nan biyu, Jack Lemmon da Walter Matthau, suka buɗe ambulan, sai suka kira sunayen wasu samari da shekara guda kafin nan ba kowa ne ya san fuskarsu ba: Ben Affleck mai shekara 25 da Matt Damon mai 27. Kowannensu mahaifiyarsa ce ta rako shi wurin bikin. Suka hau dandamali jiki na rawa, Affleck yana jero sunaye yana haki, Damon yana jefa masa na waɗanda ya manta. Har yau ba a samu wanda ya karɓi wannan kyautar yana ƙasa da shekarun Affleck ba.

Masu kallo a wajenmu sun fi sanin Damon da Jason Bourne, Affleck kuma da rigar Batman. Amma fim ɗin da ya buɗe musu ƙofa, Good Will Hunting, babu harbi ko tsere da mota a cikinsa. Yawancinsa mutum biyu ne a ɗaki suna magana. Kuma ba sha'awar zama marubuta ce ta sa suka rubuta shi ba. Aikin yi suke nema, aka ƙi ba su, suka zauna suka ƙirƙiri nasu. Wanda ya riƙe wannan a ransa yana kallon fim ɗin zai gane inda ƙarfinsa ya fito, zai kuma gane inda ya yi rauni.

Yaran Cambridge

Garin Cambridge yana haye kogin Charles daga Boston, a jihar Massachusetts, kuma a nan jami'o'in Harvard da MIT suke. A nan yaran biyu suka tashi, gidajensu layi biyu ne tsakani. Damon yana da shekara 10, Affleck yana da 8, lokacin da iyayensu mata suka haɗa su. Matan biyu duk malamai ne, kuma duk sun rabu da mazajensu. Mahaifiyar Damon farfesa ce a fannin tarbiyyar ƙananan yara, ta Affleck kuma malamar makarantar gwamnati. Mahaifin Affleck ya yi fama da shan giya shekara da shekaru, ya yi sana'o'i iri-iri, har da aikin shara da goge-goge a Harvard. Maƙwabcin su Damon kuwa shi ne Howard Zinn, masanin tarihin nan da ya rubuta tarihin Amurka ta bakin talakawanta da bayinta da ma'aikatanta. Duk waɗannan sun ɓullo a fim ɗin daga baya, kowanne da sabuwar riga.

Sun yi sakandare ɗaya, Cambridge Rindge and Latin, inda malamin wasan kwaikwayo Gerry Speca yake sa ɗalibai su ƙirƙiri wasa da kansu maimakon haddace na wasu. Tun suna samari suka buɗe asusun banki na haɗin gwiwa, duk wanda ya samu ɗan aikin talla ya zuba a ciki, da kuɗin suke hawa jirgi zuwa New York wajen gwajin 'yan wasa. Su biyun sun nemi shiga Dead Poets Society, fim ɗin Robin Williams na 1989, ba a ɗauke su ba. Haka kuma suna cikin dubban 'yan cike gurbi da aka tara a filin wasa na Fenway domin fim ɗin Field of Dreams, inda ko da gilashin ƙara girma ba za ka tsinto su ba. A 1992 suka fito tare a School Ties, amma Brendan Fraser ne jarumin. Affleck, saboda tsawonsa da faɗin ƙirjinsa, sai aka maƙala masa matsayin mugun yaro mai cin zalin na ƙasa da shi, kamar yadda ya fito a Dazed and Confused a 1993. Damon ya shiga Harvard a 1988, ya bar ta ba tare da digiri ba saboda ya samu gurbi a Geronimo, fim ɗin da ya ɗauka zai ɗaga shi. Fim ɗin ya faɗi a kasuwa.

Kafin ya bar Harvard, a wani aji na koyon rubutun wasan kwaikwayo, an ce kowane ɗalibi ya kawo gajeren wasa mai zango ɗaya. Damon ya kawo shafi kusan 40 na farkon labarin fim. Da ya koma Los Angeles yana kwana a ƙasan ɗakin Affleck, sai ya nuna masa, ya ce ya rasa inda zai dosa da shi. Daga nan suka hau aiki, amma ba irin na marubutan da suka yi makarantar abin ba. Tashi suke su yi wasan da bakinsu, wannan ya zama Will, jarumin labarin, wancan ya zama likitansa, su ɗauka a rikoda, su saurara, su tsinci abin da ya yi daɗi su rubuta. Sun ce shafukan da suka zubar sun kai dubbai, don sun san mutanen labarinsu ciki da bai, amma ba su san yadda ake jera labari ba. Cikin waɗancan shafuka 40 na Harvard, fitowa ɗaya tak ta tsira yadda take, ita ce haɗuwar farko tsakanin Will da likitansa.

Ciniki

Labarin da suka kammala a 1994 ba shi ne wanda duniya ta gani ba. A cikinsa jami'an leƙen asirin gwamnati ne ke farautar yaron mai baiwa don su tilasta masa yi musu aiki, ana guje-guje da ɓuya. Sun sa hakan ne saboda suna ganin ba mai sayen fim ɗin da babu bindiga a ciki. Wata dabarar kuma daga Quentin Tarantino suka koyo ta: sun ji cewa Reservoir Dogs ya samu kuɗi ne saboda Harvey Keitel ya yarda ya fito a ciki. Don haka suka gina matsayin likitan ya zama tarkon kama babban tauraro, ba shi da yawan fitowa, amma duk maganganu masu nauyi a bakinsa suke, kuma suka bar shi a buɗe yadda namiji ko mace, baƙi ko fari, kowa zai iya hawa.

Kamfanin Castle Rock ya saya a kan kimanin dala dubu 600, da sharaɗin da samarin suka kafe a kai: su za su fito. Kamfanoni sun fi son a ba Leonardo DiCaprio da Brad Pitt. Hujjar da samarin ke kafawa kullum ita ce Sylvester Stallone, wanda ya rubuta Rocky yana cikin talauci, ya ƙi sayarwa sai in shi zai hau, kuma fim ɗin ya ci kyautar gwarzon fim na 1976. Kuɗin kuwa ba su yi albarka ba. Affleck da kansa ya ba da labari yana dariya: suka raba biyu, wakili ya cire nasa, haraji ya kwashe kusan rabi, kowannensu ya sayi jif, suka kama haya mai tsada kusa da Hollywood Bowl, cikin wata shida aljihu ya koma yadda yake.

A Castle Rock ne aka yi wa labarin tiyatar da ta cece shi. Rob Reiner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya ce musu fim biyu suka cusa a riga ɗaya, su zaɓi guda, kuma shawararsa ita ce su jefar da na 'yan leƙen asirin su riƙe na yaron da likitansa. Wannan na nufin zubar da shafuka masu yawa da suka sha wahala a kansu, suka kuwa zubar. Darakta Terrence Malick, a wata hira da suka yi da shi, ya ba su shawarar kada yaron da budurwarsa su bar gari tare a ƙarshe. Ita ta fara tafiya, shi ya bi ta daga baya. Suka karɓa. Asali ma yaron gwanin kimiyyar fiziks ne, sai Sheldon Glashow na Harvard, mai kyautar Nobel, ya ce lissafi ya fi dacewa, ya tura su wurin surukinsa Daniel Kleitman na MIT. A ganina wannan ne abin da aka fi mantawa idan ana ba da labarinsu. Ana yawan yabon taurin kansu, alhali a kan abu ɗaya kawai suka yi taurin kai. Duk sauran, wanda ya fi su sani in ya yi magana suna ji.

Sai rigima ta ɓarke a kan wanda zai ba da umarni. Kamfanin yana da nasa, samarin ba su yarda da shi ba. Aka ba su kwana 30 su samo wanda zai biya Castle Rock kuɗinsa ya karɓi labarin, in ba haka ba a yi fim ɗin ba da su ba. Suka zagaya kamfanonin da a da ke rububinsu, kowa ya juya baya. Kevin Smith, wanda ya sa Affleck a Mallrats kuma yake shirin ba shi jarumi a Chasing Amy, shi ya ɗauki rubutun ya kai wa Harvey Weinstein na Miramax, ya karanta, ya saya. Ba a iya ba da tarihin wannan fim a tsallake sunan Weinstein, mutumin da tun daga 2017 mata da dama suka fito suka bayyana cin zarafin da ya yi musu, har ya ƙare a kurkuku. Ita ma Minnie Driver, wadda ta fito a budurwar, ta ce bai so a ɗauke ta ba, marubutan da darakta ne suka tsaya mata.

Ko a Miramax sai da rubutun ya ƙara kwanciya. An yi maganar Mel Gibson ya ba da umarni, abin bai yiwu ba. Gus Van Sant, wanda ya san ƙanen Affleck, Casey, tun a fim ɗin To Die For, ya nuna yana so, kuma shi aka ba daga ƙarshe. Abu biyu suka tayar da aikin: Francis Ford Coppola ya ɗauki Damon jarumin The Rainmaker, sai ga shi ya zama wanda za a iya sa kuɗi a kansa, sannan tarkon nan ya kama, Robin Williams ya ce zai hau matsayin likitan. An ɗauki fim ɗin a 1997 da kimanin dala miliyan 10, kuma saboda sauƙin kuɗi, yawancin abin da mai kallo ke ɗauka MIT ne a Toronto ta Kanada aka ɗauke shi. Damon ya ce a ranar farko, da suka ga Williams da Stellan Skarsgård suna furta kalmomin da suka rubuta a ɗakin haya, shi da Affleck hawaye suka yi ta yi.

Rigar da tela ya ɗinka wa kansa

Will Hunting maraya ne ɗan shekara 20 daga Kudancin Boston, unguwar talakawa 'yan asalin Ailan. Yana goge daɓe a MIT, yana karance littafi cikin mintuna, da dare kuma yana mashaya da abokansa uku. Farfesa Gerald Lambeau, mai lambar Fields, wadda ake ba gwanayen lissafi duk shekara huɗu, ya rubuta wata matsala a allon baranda don gwada ɗalibansa. Ba a daɗe ba aka tarar an warware ta, ba a san wanda ya yi ba. Kafin farfesan ya gano mai sharar, Will ya shiga faɗan unguwa har ya doki ɗan sanda. Lambeau ya karɓo shi daga hannun alƙali bisa sharaɗi biyu: ya riƙa zuwa suna lissafi, ya kuma riƙa ganin likitan ƙwaƙwalwa. Yaron ya kori likitoci biyar da baƙar magana da izgili. Da dabara ta ƙare, farfesan ya nemo tsohon abokin ɗakinsa na jami'a, Sean Maguire, wanda ke koyarwa a wata ƙaramar kwaleji, Bunker Hill, shi ma ɗan unguwar su Will ne, tsohon sojan Biyetnam, matarsa ta rasu da ciwon daji.

Fim ɗin ya yi kama da rigar da tela ya ɗinka wa kansa: ya san faɗin kafaɗarsa, ya san inda yake so aiki ya fito. Abin da ɗan wasa ke kwaɗayi shi ne doguwar magana da kyamara za ta tsaya a fuskarsa, kuma kusan kowa a fim ɗin an ba shi tasa. Will yana da ta mashaya, inda ya tsinka wani ɗalibin Harvard mai taƙama da haddar littattafan tarihi, ya nuna masa shafin da ya sato kowace magana, ya ce ilimin da ya kashe dala dubu 150 a kansa ana samunsa a laburaren gwamnati da tarar dala ɗaya da rabi. Yana da ta ofishin hukumar leƙen asiri ta NSA, ɗan abin da ya rage daga tsohon labarin, inda ya zayyana yadda warware saƙon sirri ɗaya zai kai ga jefa bam a wani ƙauye a Gabas ta Tsakiya ko Arewacin Afirka, a tura abokinsa yaƙi, ya dawo da rauni ya tarar an kwashe masana'antarsu zuwa waje, man fetur kuma ya yi tsada. Muryar maƙwabcinsu Zinn ce wannan, kuma an ma ambaci littafinsa a fim ɗin. Shekara huɗu kafin harin 11 ga Satumba aka yi wannan magana, shida kafin mamaye Iraƙi.

Ta Sean ita ce wadda aka fi tunawa. A haɗuwarsu ta farko Will ya kalli wani zane da likitan ya yi, ya karance shi tas, ya taɓa matarsa da ta rasu, har sai da Sean ya shaƙe shi. A zama na biyu sai ya kai shi wani benci a lambun Boston Public Garden, ya yi magana ta minti huɗu da wani abu kusan ba a yanke ba. Ya ce masa ya san duk abin da littafi ya faɗa a kan Michelangelo amma bai taɓa shaƙar iskar cocin Sistine ba. Zai iya kawo baitin Shakespeare a kan yaƙi amma bai taɓa riƙe kan abokinsa yana cikawa ba. Bai san zaman wata biyu a asibiti riƙe da hannun mace ba. Van Sant ya bar kyamara a kan Williams, yana janyo ta a hankali, sai can Damon ya shigo hoton, bakinsa a rufe. Abin lura, Damon ne ya rubuta wa kansa wannan shirun. Ɗan wasa mai shekara ashirin da 'yan kai, mai yunwar a gan shi, ya miƙa wa wani fitowa mafi kyau a fim ɗinsa. Da Williams ya rasu a watan Agustan 2014, a wannan bencin mutanen Boston suka yi ta ajiye furanni.

Williams ya ƙara nasa gishirin. Labarin da Sean ya bayar na yadda matarsa ke sakin iska cikin barci har ta tashi kanta, nan take ya ƙirƙire shi, dariyar da Damon ke yi a wurin ta gaske ce, har hoton yana ɗan girgiza. Maganar ƙarshe ta fim ɗin ma, bayan ya karanta takardar da Will ya bar masa, ba ta cikin rubutun.

Amma in aka tambaye ni inda rubutun ya fi gaskiya, ba a bencin ba ne. A wurin aikin rusau ne, inda Will da Chuckie, wato Affleck, suke tsaye jikin mota suna hutun rana. Will ya ce shi a unguwar nan zai tsufa, su yi maƙwabtaka, su riƙa kai 'ya'yansu wasa tare. Chuckie ya ce masa in bayan shekara 20 yana nan yana leburanci, shi da hannunsa zai kashe shi, don zamansa a nan zagi ne ga su da ba su da hanyar fita. Ya ce lokacin da ya fi so a yini shi ne 'yan daƙiƙun da yake takawa daga mota zuwa ƙofar Will kowace safiya, yana fatan ya ƙwanƙwasa ya tarar ya tafi ba sallama. Likita ya yi makonni yana lallaɓa yaron, farfesa ya yi ta tura shi, aboki ya gama maganar a minti biyu da gwangwanin giya a hannu. Wannan ba daga littafi suka samo shi ba. Abota ce ta shekara 17 tsakanin mutum biyu da ke neman abu ɗaya, kowanne ya san wataƙila ɗaya ne zai samu. Haka zaman abokan huɗu a mota, da gardamar kuɗin burodi da nama, da tsohuwar motar da suka harhaɗa masa ranar da ya cika 21, duk suna da ɗumin abin da aka rayu a cikinsa.

Inda ba su sani ba kuwa, ɗinkin ya nuna. Masana lissafi sun daɗe suna murmushi a kan matsalar allon da aka ce ta ɗauki farfesoshi shekara biyu, wadda ɗalibi mai ƙwazo zai iya zanawa a zama ɗaya. Wannan ƙaramin laifi ne. Babban shi ne yadda fim ɗin ya ɗauki baiwa kamar wani abu da ke faɗowa daga sama ba wahala. An kwatanta Will da Srinivasa Ramanujan, akawun tashar jiragen ruwa ta Madras da ya aika wa G. H. Hardy na jami'ar Cambridge ta Ingila wasiƙa a 1913. To amma Ramanujan ya yi shekaru yana goge allo da gwiwar hannu, lissafi ya hana shi cin jarrabawar sauran darussa, ya rasu yana da shekara 32. Will ba a taɓa ganin ya yi gumi ba, kuma ba lissafi kaɗai ba, tarihi da shari'a da kimiyyar sinadarai duk a tafin hannunsa suke. Mafarkin ɗalibi ne da ya zauna a aji da 'ya'yan masu kuɗi yana jin haushinsu.

Haka batun warkewa. Will ya tashi a gidajen riƙo, inda wani uban riƙo yake ajiye bel da sanda da sifana a tebur ya ce ya zaɓi wadda za a doke shi da ita. A fitowar da ta fi sa mutane kuka, Sean ya yi ta nanata masa cewa laifin ba nasa ba ne, har yaron ya rushe a kafaɗarsa. 'Yan wasan biyu sun yi abin da ya kamata, kuma da wuya mutum ya kalla bai ji wani abu ya tsaya masa a wuya ba. Sai dai ciwon shekara 20 ba ya fita da kuka ɗaya, kuma masu wannan sana'a sun sha faɗin haka. Skylar kuma, budurwar 'yar Ingila mai shirin karatun likita a Stanford, an rubuta ta ne don ta so Will, ya kore ta, ya bi ta. Abin da ya sa ta zama mutum, har Driver ta shiga takarar Oscar, daga ita 'yar wasan ya fito. Sannan Kudancin Boston ɗin da aka nuna an wanke shi. Unguwar ce da a 1974 aka yi ta jifan motocin da ke kawo yara baƙaƙen fata makarantunta bisa umarnin kotu, kuma a nan ɗan daba Whitey Bulger ya yi mulkinsa. Marubutan 'yan Cambridge ne, 'ya'yan malamai. Sun iya karin harshen unguwar, sun ƙaunace ta, amma daga haye kogi suke hango ta.

Wa ya rubuta?

Fim ɗin ya fito a watan Disambar 1997, ya tara sama da dala miliyan 225 a duniya, ya shiga takarar Oscar tara, ya ci biyu: ta rubutu, da ta Williams, wanda sai a karo na huɗu ya samu. Tun kafin bikin jita-jita ta fara yawo cewa ba su suka rubuta ba. Sunan da aka fi kamawa shi ne William Goldman, marubucin Butch Cassidy and the Sundance Kid da All the President's Men, mai Oscar biyu. Goldman ya ƙaryata a bainar jama'a. Ya ce yini guda ya zauna da su, kuma abin da ya faɗa musu bai wuce su bi shawarar Reiner ba. A fahimtarsa, mutane ba sa son yarda cewa samari biyu kyawawa za su iya rubutu kuma.

Jita-jitar ta daɗe saboda su ma sun ba ta abinci: shekara ta bi shekara ba su sake rubuta fim tare ba. Dalilin bai da wuyar ganewa. Abin da suka rubuta don su samu, sun samu. Damon ya wuce Saving Private Ryan da The Talented Mr. Ripley, Affleck ya wuce Armageddon, ba wanda ke da shekarun da zai zauna yana magana da rikoda. Daga baya kowanne ya nuna hannunsa daban. Affleck ya yi rubutu ya kuma ba da umarni a Gone Baby Gone a 2007 da The Town a 2010, duka a unguwannin Boston, kuma a nan ya nuna duhun da fim ɗinsu na farko ya kauce wa. Argo da ya ba da umarni ya zama gwarzon fim na 2012. Damon ya rubuta Gerry da Casey Affleck da Van Sant, ya rubuta Promised Land da John Krasinski. Tare kuma sun kafa shirin Project Greenlight a farkon shekarun 2000 don ba sababbin marubuta damar yin fim ɗinsu na farko, a 2022 suka buɗe kamfanin Artists Equity, wanda ke ba ma'aikatan fim kaso daga riba, suka fara da Air a 2023.

Sai a 2021, bayan shekara 24, sunayensu suka sake haɗuwa a kan rubutu ɗaya, The Last Duel, wanda Ridley Scott ya ba da umarni. Labari ne na gaske daga Faransa ta 1386, na wata mata, Marguerite de Carrouges, da ta zargi abokin mijinta da yi mata fyaɗe, aka yanke a raba gardamar da takobi tsakanin mazan biyu. An kasa fim ɗin uku, kowane kashi ta idon mutum ɗaya. Wannan karon sun tsara labarin tun kafin su fara, suka gama cikin makonni. Damon da Affleck suka rubuta kason mazan biyu, na matar kuma suka ce ba su ne za su rubuta shi ba, suka kira Nicole Holofcener suka damƙa mata. Masu sharhi sun yaba, da yawansu suka ce kashi na ukun ya fi sauran. An kashe kimanin dala miliyan 100 a kansa, ya fito gidajen sinima ba su gama farfaɗowa daga annobar korona ba, abin da ya dawo bai wuce miliyan 30 da 'yan kai ba.